Doki nawa ne a cikin injin? Yadda ake raba aji a tseren tsofaffin motocin Amurka

A watan Fabrairun 1968, kamfanin Ford ya kai wasu fararen motoci ƙirar Mustang filin tsere na Pomona da ke jihar Kalifoniya, ɗauke da sabon inji mai suna 428 Cobra Jet. A takardar kamfani, ƙarfin injin doki 335 ne (doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji). Duk bakaniken da ya ga tashin motar daga layi ya san akwai lauje cikin naɗi, domin injin da ke da doki 335 ba ya irin wannan zabura. Direba Al Joniec ya lashe gasar Super Stock, rukunin motocin kamfani mafiya ƙarfi, da ɗaya daga cikinsu, kuma ba a daɗe ba hukumar tseren ta zauna ta ɗaga lambar da hannunta. Rigimar da aka yi a kan wannan lamba ita ce dai ake yi har yau, shekara hamsin da ɗoriya bayan nan, duk lokacin da aka zo raba wa tsofaffin motocin nan aji.

Tseren kansa ba shi da wuyar ganewa. Mota biyu ne kan miƙaƙƙiyar kwalta, daga tsaye cak zuwa kwatar mil, wato mita 402. Babu kwana, babu zagaye. Hukumar da ta fi kowace girma a harkar ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951 don a janye samari daga tsere a titunan gari a kai su fili mai ƙa'ida. Cikin rukunanta akwai wanda ake kira Stock, ma'ana mota yadda kamfani ya sayar da ita. Nan ne gidan motocin da Amurkawa suke wa laƙabi da masu ƙwanji: matsakaicin bodi, ƙaton injin silinda takwas, farashin da saurayi mai albashi zai iya biya. Yawanci ana fara lissafin zamaninsu daga Pontiac GTO ta 1964, a rufe shi a farkon shekarun 1970, lokacin da kuɗin inshora, da dokar hayaƙi, da tsadar man 1973 suka taru suka karya kasuwar.

To, ta yaya za a haɗa Chevelle mai injin 454 da ƙaramar Dodge Dart mai 340 a ce an yi adalci? Amsar da aka samo tun farko lissafi ne na 'yan firamare. A ɗauki nauyin mota a laba, a raba da yawan dokin injinta. Abin da ya fito shi ne nauyin da kowane doki ɗaya yake ja. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo. Motar da kowane dokinta ke jan laba 8 zuwa 8.49 tana ajin A. Daga 8.50 ajin B, daga 9 ajin C, haka ake hawa rabin laba rabin laba har a kai can ƙasan haruffa inda tsani yake faɗaɗa. Idan giyar atomatik ce sai a ƙara harafi, shi ya sa za ka ga B/S a gilashin wata motar, B/SA a na wata. Sunan mota ba ya cikin lissafin, kyanta ba ya ciki, tsadarta a kasuwar gwanjo ma ba ta ciki.

Ɗauki mota mai laba 3,400 da doki 400. Lissafi ya ba da 8.5 daidai, ta zauna a bakin ƙofar ajin B, wurin da kowa yake so, domin ita ce mafi sauƙin kaya a ajinta. Ƙara mata doki 10 kawai a takarda, sai lissafi ya koma 8.29, ta faɗa ajin A cikin manya, ba tare da an taɓa ko noti ɗaya a jikinta ba. In mai ita yana son zama a B, dole ya ɗora mata ƙarfe mai nauyin laba 85. Wanda bai shiga harkar ba zai ga doki goma ba komai ba ne. A tseren da ake rabuwa da kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, doki goma shi ne bambancin kofi da komawa gida tun zagayen farko.

A nan gizo ke saƙa. Nauyi ana iya ɗora shi a sikeli kowa ya gani. Yawan doki kuwa lamba ce da kamfani ya rubuta, kuma kamfanonin Ditiroyit, birnin ƙera motocin Amurka, na wancan zamanin suna da dalilai da yawa na rubuta abin da ba shi ne ba.

Na farko shi ne tseren kansa. Injiniyoyin sun san tsanin haruffan nan kamar yunwar cikinsu, sun san cewa rage lamba a takarda yana saukar da mota ajin da za ta yi kaca-kaca da abokan karawa. Na biyu inshora: zuwa ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin inshora sun fara lafta wa samari masu irin waɗannan motoci kuɗi mai yawa, suna duba yawan doki da nauyi. Na uku dokokin cikin gida. A lokacin General Motors yana da ƙa'idar cewa motocinsa kada su gaza laba goma a kan kowane doki. Saboda haka injin Ram Air IV na Pontiac a 1969 aka rubuta masa doki 370 a cikin GTO, amma a cikin Firebird, wadda ta fi ta sauƙi, aka rubuta 345. Inji ɗaya, lamba biyu. Haka Chevrolet ya ce injin 302 na Camaro Z/28 doki 290 ne, Ford ma ya ce Boss 302 ɗinsa 290 ne, kamar sun haɗa baki. Injin L88 na Corvette an rubuta masa 430, alhali kowa a fagen ya san ya haura haka nesa ba kusa ba. Dabarar ba lallai ƙarya ce tsagwaronta ba: sai a auna ƙarfin a juyin da bai kai ƙololuwa ba, a rubuta abin da aka gani a nan, a yi shiru a kan sauran.

Wasu injinan kuma akasin haka aka yi musu, sashen talla ya hura lambar don a burge mai saye. Irin waɗannan motoci sun zama marayu a filin tsere, domin takardarsu ta jefa su ajin da ƙarfinsu bai kai ba.

Sai kuma sauyin ma'auni. Kafin 1972 ana auna inji ne tsirara a kan teburin gwaji, babu salansa, babu kayan da ke jan ƙarfinsa a cikin mota. Daga 1972 aka koma auna shi da dukan kayansa. A 1971 wasu kamfanoni sun buga lambobin biyu, kuma misalin 426 Hemi na Chrysler ya isa: doki 425 a tsohon awo, 350 a sabo. Wanda zai jera motar 1970 da ta 1973 a tsani ɗaya ta hanyar amfani da lambobin kamfani kawai, mudu biyu mabambanta yake awo da su.

Shi ya sa NHRA ta daina ɗaukar maganar kamfani a matsayin yankan wuƙa. Kowane haɗi, wato shekara kaza, bodi kaza, inji kaza, kafireta kaza, giya kaza, yana da lambar dokin da hukuma ta ba shi a kundinta, kuma lambar tana motsi. Da can wasu jami'ai ne ke zama su yanke, abin da ya jawo zargin son kai ba iyaka: mutanen Ford su ce an fifita Chevrolet, mutanen Chevrolet su ce an ƙyale Chrysler. Daga baya aka shigo da tsarin da ke bin alƙaluman tsere. Kowane aji yana da lokacin da aka tsayar masa a matsayin ma'auni. Idan motocin wani haɗi suka riƙa gama tsere cikin lokacin da ya yi ƙasa da ma'aunin sosai, sai a ƙara wa haɗin doki. In haɗi ya kasa kaiwa, ana iya neman a rage masa.

Wannan tsari yana da ciwon da ban ga ya kamata a ɓoye ba. Hukuncin ba ya faɗawa kan mutum ɗaya, yana faɗawa kan haɗin gaba ɗaya. Ka ɗauka wani dattijo a wata jiha ya shekara ashirin yana gyaran Oldsmobile ɗinsa a garejin bayan gida da ɗan abin da yake samu. Wani mai hannu da shuni a wata jihar ya kashe maƙudan kuɗi a kan irin motar, ya fita ranar da iska ke da sanyi da nauyi, ya yi gudun da ba a taɓa gani ba. An wayi gari an ƙara wa haɗin doki, dattijon nan ya tashi da ƙarin ƙarfe a but ɗinsa a kan gudun da bai yi ba. Laifin wani ya shafi wani, in ma laifi ne. Abin da ya biyo baya shi ne direbobi suka koyi ɓoye ƙarfin motarsu: su ɗaga ƙafa daga totur kafin layin ƙarshe, su ƙara nauyi, su ja lokacin wutar inji baya, don kada agogo ya tona asiri. Mai kallo ya biya kuɗin ƙofa don ya ga gudu, ga shi mafi gwanintar bakanike yana taka birki.

Duk da haka ina tare da lambar da ke motsi. Da an daskarar da lissafi a kan abin da kamfanoni suka rubuta a 1969, da yanzu filin ya cika da ƙira uku ko huɗu waɗanda aka fi yi wa rangwame a takarda, sauran duk sun koma gidan tarihi. Abin da ya sa har yau za ka ga Buick da AMC da Mercury a layi ɗaya da Camaro shi ne akwai mai gyara lambar in ta karkace. Gyaran da nake ganin ya dace shi ne a riƙa dogara da matsakaicin gudun motoci da yawa, a kuma yi la'akari da yanayin iska da tsayin wuri, kada gudu ɗaya na rana ɗaya ya zama hukunci a kan mutane da dama.

Ɓangaren nauyi ma yana da nasa wayon. Nauyin da ake lissafi da shi na takardar kamfani ne, kuma ya bambanta daga bodi zuwa bodi: mai ƙofa biyu daban, mai buɗaɗɗen rufi daban, doguwar motar iyali mai ɗakin kaya a baya daban. Tun shekarun 1960 masu kaifin ido suke zama da kundin nan suna neman bodin da lissafinsa ya faɗo daidai bakin aji. Haka motocin kai yara makaranta suka zama zakaru, domin ban da dacewa da aji, nauyinsu yana kan tayoyin baya, inda ake buƙatarsa lokacin tashi. Doka ta yarda a ƙara ko a rage nauyi don a matsa aji ɗaya sama ko ƙasa, ana kuma ƙara laba 170 a lissafi a matsayin nauyin direba. Da an gama gudu, kafin mota ta koma rumfarta, sai ta hau sikeli da direban a ciki. In ta gaza, gudun ya tashi a banza. Shi ya sa direba yake lissafa har man da zai ƙone a kwatar mil ɗin.

Tambaya ta gaba ta fi zurfi: wace mota ce za a ce kamfani ya sayar? A farkon shekarun 1960 kamfanonin sun gano cewa nasarar ranar Lahadi tana kawo masu saye ranar Litinin, sai suka fara ƙera 'yan tsirarun motoci don tsere kawai, su lulluɓe su da sunan motar kasuwa. Pontiac ya huda firam ɗin Catalina ta 1963 da manyan ramuka don rage nauyi. Ford ya cusa injin 427 a ƙaramar Fairlane a 1964 ya kira ta Thunderbolt, guda ɗari kacal: bonet na roba mai ƙarfi, kujerun motar ɗaukar kaya, batir a but, an cire fitilun ciki na gaba an mayar da ramukansu hanyar shigar iska. A 1968 Chrysler ya tura wa kamfanin Hurst motocin Dart da Barracuda aka saka musu Hemi. An tsoma ƙofofinsu a asid don ƙarfen ya yi siriri, tagar kuma da maɗauri ake jan ta sama, domin an cire injin ɗaga gilashi. Ko fenti ba a gama yi musu ba aka miƙa wa masu su.

Hukuma ta amsa da ƙidaya. Sai an ƙera adadi kaza kafin a karɓi mota, kuma 'yan tsirarun nan aka tura su rukunin Super Stock, wanda mafi ƙarancinsa guda hamsin ne. Wannan lamba ce ta sa wani dillalin Chevrolet a jihar Ilinoi, Fred Gibb, ya yi odar Camaro hamsin masu injin ZL1 na alminiyom zalla a 1969. Gaba ɗaya 69 aka ƙera, farashin kowace ya haura dala 7,000, kuma da ƙyar aka sayar da su. Waɗanda suka wuce gona da iri, kamar Dodge da Plymouth na 1965 da aka matsar wa tayoyi gaba, sun fice daga lissafin motar kamfani kwata-kwata, suka haifi wani nau'in tsere daban. Su kuwa Dart da Barracuda na 1968 har yau suna da ajinsu su kaɗai, ana haɗa su kowace shekara a babbar gasar Indiyanapolis.

Kada mai karatu ya ɗauka motar ajin Stock ta yau tana nan yadda ta baro shagon dillali. Hemi da mujallun wancan lokaci suka gwada tana cinye kwatar mil a sakan 13 da wani abu. Irinta a ajin A na yau tana yi a wajen sakan 10. Tazarar ta fito ne daga abin da doka ta bari: tayar tsere marar zane mai faɗin inci 9, buɗaɗɗen bututun hayaƙi, giyar baya da aka zaɓa, da gyaran inji na ƙwaƙƙwafi. An ƙayyade iya tsayin da kamshaf zai ɗaga bawul, amma ba a ƙayyade tsawon lokacin da zai riƙe shi a buɗe ba, kuma a wannan 'yar kafa kaɗai an samo doki masu yawa. Abin da ba a yarda ba shi ne sauya ainihin haɗin: girman bawul, girman kafireta, girman ɗakin ƙonewa, da faɗaɗa hanyoyin iska na kan silinda.

Tabbatar da wannan shi ne aikin da ya fi burge ni a harkar duka. Wanda ya yi nasara ko ya kafa tarihi ana iya cewa ya kwance injinsa nan take. Mutum ya gama murna, hannunsa na rawa, ya durƙusa ya cire kafireta da kan silinda da zafinsu ya jera a tebur. Jami'i ya duba lambar da aka zuba a jikin ƙarfen ya gwada da ta kundi. Ya kifa kan silinda, ya shafa ɗan giris a gefe, ya ɗora farantin roba mai huda, ya riƙa ɗiga ruwa mai launi daga dogon bututun gilashi mai ma'auni har ɗakin ƙonewa ya cika, kumfar iska ta ƙarshe ta fice. Idan ruwan da ya shiga ya gaza abin da kundi ya ce, ko da kaɗan ne, an matse injin fiye da ƙa'ida, nasara ta tafi. Ya zura yatsa cikin hanyar iska yana laluben alamar dutsen wasa. Mutanen da suke yin wannan, ɓangaren jami'ai da na masu mota, sun san juna shekara da shekaru, kuma sun yarda a yi musu haka a gaban jama'a. Wannan yardar ce ke riƙe da aji, fiye da kowane lissafi.

Shekaru sun kawo sabuwar matsala. Kan silindar 1969 ba ya haihuwa. Wanda ya tsage ya tsage. Dole hukuma ta fara amincewa da wasu sababbin kayan maye, kuma kowane ɗaya da aka amince da shi sai an yi muhawara: shin ya yi daidai da na asali ko ya fi shi shaƙar iska? In ya fi, sai a ƙara masa doki? A nan ma 'yan tsere sun rabu da masu tara motoci. Mai tarawa yana neman lambar inji ta dace da ta bodi, yana neman takardar da ma'aikatan kamfani suka cusa ƙarƙashin kujera ranar haɗa motar, domin GTO ta 1964 da 1965 ƙari ce kawai a kan LeMans, lambar jikinta ba ta nuna komai. Ɗan tsere bai damu da wannan ba. In kamfani ya taɓa sayar da wannan inji a wannan bodi a wannan shekara, ya halatta, ko da motar ta fara rayuwarta da ƙaramin injin silinda shida a hannun wata tsohuwa. Ina ganin gaskiyarsa ce. Motar asali da kuɗinta ya kai na gida ba a kai ta inda za ta iya dukan katanga.

Duk waɗannan azuzuwa a ƙarshe suna haɗuwa a gasa ɗaya, kuma nan ne amfanin harafin yake fitowa. Idan motoci biyu ba ajinsu ɗaya ba, kowane direba yana rubuta lokacin da yake sa ran yi da farin fenti a gilashinsa, muddin bai haura ma'aunin ajinsa ba. Fitilun tashi na mai jinkiri su riga kunnawa da gwargwadon tazarar. Motar iyali mai sakan 13 ta tafi, Hemi mai sakan 10 yana tsaye yana kallon bayanta har sakan uku, sannan a sake shi ya bi ta. Wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi. Amma idan aka yi sa'a biyun ajinsu ɗaya, babu rangwame, babu rubutu a gilashi: tare za su tashi, wanda ya riga isa ya ci. Ranar ce ake buɗe duk dokin da aka ɓoye, ko da gobe hukuma za ta ƙara wa haɗin lamba.

Daga 2008 kamfanonin suka dawo da tsohuwar al'adarsu. Ford ya fito da sabuwar Cobra Jet, Dodge ya biyo da Challenger Drag Pak, Chevrolet da COPO Camaro a 2012, guda 69 don tunawa da ZL1. Motoci ne da ba a yi musu rajistar hawa titi, masu kwamfuta a inji, kuma da suka shigo da lambobin doki masu rangwame sai suka riƙa tattake tsofaffin. Masu tsofaffi suka yi ta ƙorafi har aka ware wa sababbin nasu azuzuwan. Labarin Pomona ne ya maimaita kansa, har da sunan injin.

Akwai waɗanda suka gaji da lissafin doki suka nemi wata hanya. A jihar Mishigan ana taron shekara-shekara na Pure Stock, inda mota ke zuwa da salansarta, da kujerunta, da siraran tayoyi irin na zamaninta. Ba a tambayar doki nawa kamfani ya rubuta. Kowa ya yi gudun gwaji, a haɗa shi da wanda lokacinsa ya fi kusa da nasa, a kara sau uku, mai biyu ya ci. Wani rukunin kuma, F.A.S.T., ya ce waje ya zama na kamfani sak, ciki kuwa kowa ya yi abin da ya ga dama. Ka buɗe bonet ka ga kafireta da murfin bawul da fenti irin na 1969, a ciki kuma an ƙara wa injin girma sosai. A can, abin da ke raba gardama taya ce: duk yawan dokinka, ta wannan siririyar robar zai bi ya taɓa ƙasa, kuma direban da ya danna totur da gaggawa hayaƙi kawai zai tayar a layi yayin da abokin karawarsa ya yi nisa. A kan irin waɗannan tayoyi wasunsu sun sauko ƙasa da sakan 10.